Haurin bindiga da ƙararta: kafaɗa tana warkewa, kunne ba ya warkewa

 A ƙasar Hausa, in an gama aikin kaka, hatsi ya shiga rumbu, to lokacin farauta ya zo. Saboda haka a wannan fitowa za mu yi magana bisa bindigar farauta. Ba koyar da harbi za mu yi ba. Abin da ya dame mu shi ne lafiyar mai riƙe da bindiga, da lafiyar mutanen da ke tsaye kusa da shi.

Kowa ya san abin da bindiga take yi wa wanda ke gabanta. Kaɗan ne suka san abin da take yi wa wanda ke bayanta. Duk lokacin da aka ja kunamar bindiga, abu biyu ne ke samun maharbi. Na farko, gindin bindiga ya doke shi a kafaɗa. Wannan shi muke kira hauri, kamar haurin jaki. Na biyu, ƙara da iska mai zafi su fito daga bakin bindiga su doki kunnensa. Maharbi yakan yi kuka da na farko, don yana ganin kumburi a kafaɗa. Na biyu ba ya barin tabo a fata, amma shi ne ya fi ɓarna.

Waɗanne bindigogi muke nufi?

Bindigogin farauta iri uku ne. Akwai adaka, ta kakanninmu, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Akwai mai kartushi, wadda ake kira kalibar 12, mai watsa ƙananan ƙwayoyin darma. Waɗannan biyu su muka fi sani. Ta uku ita ce karabin. Harsashi guda take fitarwa a kowane harbi. Cikin bututunta akwai zane mai murɗe, wanda ke sa harsashi ya tafi yana juyawa, ya miƙe, ya yi nisa.

Karabin mai saurin harsashi ba ta da yawa a ƙauyukanmu. Gidanta shi ne Turai da Amurka, da ƙasashen da ake farautar manyan namun daji kamar Afirka ta Kudu, Namibiya da Tanzaniya. A can masana sun auna haurinta da ƙararta da na'urori. Abin da suka gano ya shafi kowace irin bindiga, har adaka. Don haka muka ɗauke ta ta zama misali.

Tarihinta ba mai nisa ba ne. A shekarar 1884 wani masani ɗan Faransa mai suna Paul Vieille ya haɗa sabon albarushi wanda ba ya hayaƙi da yawa, kuma ya fi baƙin albarushi ƙarfi. Kafin nan, harsashi yakan yi wajen mita 400 zuwa 450 a cikin sakan ɗaya. Da sabon albarushi ya zo, sai saurin ya haura mita 600, ya yi ta hawa. Ga misalai huɗu:

- Harsashi ƙarami mai lamba 22: nauyinsa bai kai garam 3 ba, saurinsa wajen mita 350 a sakan.
- Harsashi mai lamba 30-06, wanda sojan Amurka suka fara aiki da shi a 1906, daga baya maharba suka ɗauka: wajen garam 12, saurinsa wajen mita 820 a sakan.
- Harsashi mai lamba 375, na kamfanin Holland & Holland na birnin Landan, wanda ya fito a 1912 don manyan namun daji: wajen garam 19, saurinsa wajen mita 770 a sakan.
- Harsashi mai lamba 220 Swift, wanda ya fito a Amurka a 1935: ɗan ƙarami ne, amma saurinsa ya wuce mita 1200 a sakan.

Mu kwatanta. Tsawon filin ƙwallo wajen mita 100 ne. Ke nan harsashin 30-06 yana ƙetare filin ƙwallo 8 kafin mutum ya ce «ɗaya». Sauti kansa mita 340 kaɗai yake yi a sakan. Harsashin ya ninka saurin sauti fiye da sau 2.

Daga ina hauri yake fitowa?

Mu ɗauki amalanke da aka kwance wa jaki, yana tsaye a wuri mai laushi. In mutum ya hau, ya yi tsalle gaba, amalanken zai gangara baya. Masu garka su ma sun san haka: in an tada injin ban ruwa, tiyo yakan ture hannun mai riƙe da shi. Ruwa gaba, tiyo baya. Wani masani ɗan Ingila, Isaac Newton, ya bayyana wannan ƙa'ida a 1687. Ma'anarta ita ce: duk abin da ka tura, shi ma yana tura ka da ƙarfi daidai da naka.

Haka abin yake cikin bindiga. Albarushi ya kama wuta, ya zama iska mai zafi. Iskar tana neman hanya. Tana tura harsashi gaba, tana tura bindiga baya, da ƙarfi ɗaya. A cikin babbar karabin, matsin wannan iska yakan kai nauyin tan 4 bisa wurin da bai fi faɗin farce ba. Ya ninka matsin iskar tayar ƙaramar mota kusan sau 2000.

To mi ya sa bindiga ba ta kashe mai harbi? Saboda nauyinta. Harsashi garam 12 ne, bindiga kuwa wajen kilo 3 da rabi. Ta ninka shi wajen sau 300. Don haka harsashi ya tafi da mita 820 a sakan, ita kuma ta komo baya da wajen mita 4 a sakan. Wannan dukan kamar dutse ne mai kilo 3 ya faɗo wa mutum a kafaɗa daga tsawon mita 1. Haurin 375 ya kai biyun wannan. Haurin ƙaramar 22 kuwa kusan kashi 1 ne cikin 100 na wannan. Kalibar 12 ba ta da saurin karabin, amma darmarta ta fi garam 30. Shi ya sa haurinta yakan kai na 30-06, wani lokaci ma ya fi.

Abu huɗu ne ke ƙayyade ƙarfin hauri:

1. Nauyin harsashi. In ya ƙaru, hauri ya ƙaru.
2. Saurin harsashi. In ya ƙaru, hauri ya ƙaru.
3. Yawan albarushi. Iskar da ke fita bayan harsashi ita ma tana ture bindiga. A karabin mai sauri, kusan sulusin turin daga wannan iska yake.
4. Nauyin bindiga. In ya ninka sau 2, hauri ya ragu da rabi. Bindiga marar nauyi tana da daɗin ɗauka, amma ta fi hauri.

Sauri yana da tsada. A 1963 kamfanin Winchester ya fito da harsashi mai lamba 300 Magnum. Nauyinsa ɗaya da na 30-06, amma an ƙara masa albarushi. Saurinsa ya ƙaru da wajen kashi 10 cikin 100. Haurinsa kuwa, a bindiga mai nauyi ɗaya, ya ƙaru da kusan sulusi. Ƙararsa ma ta ƙaru. Riba kaɗan, biya da yawa.

Hauri ɗaya, ji daban-daban

Mutum biyu za su harba bindiga ɗaya. Ɗaya ya ce ba komi, ɗaya ya kwana yana gasa kafaɗa. Ƙarfin haurin bai sake ba. Yadda ya shiga jiki ne ya bambanta. Mata sun san wannan sirri: tulu ɗaya ne, amma ɗaukarsa da gammo daban, ɗaukarsa ba gammo daban. Ga abubuwan da ke sa bambanci.

Faɗin gindin bindiga. Gindi mai faɗi, mai roba a ƙarshensa, yana raba dukan. Gindi siriri na itace ko ƙarfe yana tara shi wuri ɗaya.

Riƙo. In gindin bindiga ya zauna daram a naman kafaɗa, bindiga da jiki sun zama abu ɗaya, sai haurin ya zama turi. In an bar tazara tsakaninsu, ko an ɗora gindin bisa ƙashi ko bisa damtse, sai ya zama naushi.

Tsayuwa. Mai harbi a tsaye, jikinsa yana ɗan ja da baya, ya sha dukan. Mai harbi a kwance ba shi da wurin ja. Mafi haɗari shi ne wanda ya jingina bayansa ko kafaɗarsa da itace ko bango. Dukan duka zai sauka bisa ƙashi, yana iya karya ƙashin wuya.

Tsawon gindin bindiga. In ya yi wa mutum gajarta, babban yatsansa yakan doki hancinsa. In bindigar tana da madubin hange, aka kai ido kusa da shi, bakin madubin yakan tsaga gira. Ana barin tazarar wajen yatsa huɗu tsakanin ido da madubi.

Ƙara. Wannan shi ne abin mamaki. Ƙara tana ƙara jin zafin hauri. Masu koyar da harbi sun daɗe da lura cewa in mutum ya toshe kunnensa, sai ya ji kamar haurin ya ragu, alhali bindigar ba ta sake ba. Tsoron ƙara ne ke sa jiki ya ɗaure.

Daga nan ne wata cuta ke kama maharbi, wato zabura. Jiki magayi. In ya sha duka da ƙara sau da yawa, sai ya fara kare kansa tun kafin harbi. Ido ya rufe, kafaɗa ta motsa, yatsa ya fizgi kunama. Harsashi yana barin bututu cikin abin da bai wuce kashi 2 cikin 1000 na sakan ba. Saboda haka ba haurin ne ke karkatar da harbi sosai ba, jiran haurin ne. Sakamakonsa shi ne kuskure. Dabba ta ji rauni, ta gudu, ta mutu a banza cikin azaba. Harsashin da ya kuskure kuma bai tsaya nan ba. Na babbar karabin yana iya yin fiye da kilomita 4. Na ƙaramar 22 ma yana iya kai wajen kilomita 1 da rabi. A cikin wannan tazara akwai makiyayi, akwai mai itace, akwai ƙauye.

Daga ina ƙara take fitowa?

Lokacin da harsashi ya fita, iskar da ke bayansa tana nan da sauran matsi mai yawa. Sai ta fashe waje gaba ɗaya. Wannan ita ce babbar ƙara. Tana zuwa da wuta, da ƙura, da burbushin albarushi mai zafi. Harsashi mai sauri yana da ƙara ta biyu. Da yake ya fi sauti sauri, yana tsaga iska da «tas», kamar bakin bulala.

Abu huɗu ke ƙara mata ƙarfi a kunne. Yawan albarushi. Gajeren bututu, don iska tana fita da sauran ƙarfinta, kuma bakin bindiga yana kusa da fuska. Harbi cikin ɗaki, cikin mota, ko kusa da bango ko dutse, don ƙarar tana dawowa. Sai wani ƙarfe mai huji-huji da ake ɗaura wa bakin wasu karabin, wanda za mu kira birkin baki. Yana karkatar da iska gefe da baya, don ya rage hauri. Yana rage shi ƙwarai, amma ƙarar sai ta nufo kunnen mai harbi da na wanda ke gefensa. An saya wa kafaɗa sauƙi da kuɗin kunne.

Ana auna ƙarfin sauti da ma'auni mai suna desibel. Ga yadda lissafin yake:

- Hira tsakanin mutum biyu: wajen 60.
- Iyakar da kunne ke iya ɗauka a aikin awa 8: 85.
- Injin niƙa: yakan wuce 90.
- Ƙarar da ke iya ɓata kunne a bugu ɗaya: daga 140.
- Ƙaramar bindiga 22: wajen 140.
- Kalibar 12: daga 150 zuwa 160.
- Babbar karabin: daga 155 zuwa 170.

Mu lura da kyau. Lissafin desibel ba irin na tiya ba ne. Duk ƙarin 10 yana nufin ƙarfin sauti ya ninka sau 10. Daga 140 zuwa 160 ba ƙarin 20 kawai ba ne: ninki 100 ne. Ke nan babu bindigar farauta da ƙararta ta yi daidai da kunnen da ba a toshe ba.

Mi ƙara take yi wa kunne?

Kunne sashe uku ne. Daga waje akwai rami, wanda ya ƙare a wata fata siririya mai suna dodon kunne. Bayanta akwai ƙananan ƙasusuwa 3 masu kai motsi ciki. A can ciki akwai wani abu mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi wajen 15000. Su ne ke maida motsi ya zama ji, su aika wa ƙwaƙwalwa.

Mu ɗauki waɗannan ƙwayoyi kamar gero a gona. In iska ta kaɗa, gero ya kwanta, gobe ya tashi. Haka kunne ke yi bayan ƙara: ya toshe, ya yi ta kuka, bayan kwana ɗaya ko biyu ya buɗe. Amma in guguwa ta zo, wani karan ya karye. Manomi yana da iri, baɗi zai sake shuka. Kunne ba shi da iri. Ƙwayar da ta mutu ba ta sake tsirowa. Har yau babu magani ko aikin likita da ke maido da ita.

Ɓarnar tana tafiya a hankali, shi ya sa ba a ganinta. Siraran sautuka ne ke fara ɓacewa: kukan tsuntsaye, kukan gyare, da haruffa irin su s, sh, ts da f. Mutum yana jin ana magana, amma ba ya rarrabe kalmomi. Ga alamun da za mu lura da su:

- Kunne yana kuka ko shuu, musamman da dare.
- Mutum yana yawan cewa «mi ka ce?».
- Yana jin magana a ɗaki, amma a kasuwa ko wurin biki ba ya ganewa.
- Muryar mata da ta yara ta fi yi masa wuyar ji.
- Yana ƙure muryar rediyo ko ta salula.
- Yana juyo da kunne ɗaya wajen mai magana.

Akwai wata shaida da likitocin kunne suka sani. Mai harbi da kafaɗar dama, kunnensa na hagu ne ke fara lalacewa. Dalili shi ne, in ya kwantar da kai bisa bindiga, kunnen hagu ke fuskantar bakinta, na dama kuwa kai da kafaɗa sun kare shi. Bahago kuma kunnen dama. Ku tambayi tsofaffin maharban garinku da wane kunne suka fi ji.

Asarar ba ƙarama ba ce. Maharbi da kunne yake farauta: motsin ciyawa, kukan zabi, takun dabba. In ji ya tafi, sana'a ta tafi. Bayan haka akwai huɗubar liman, da karatu a ajin yaƙi da jahilci, da hirar jikoki, da ƙahon mota a bisa hanya. Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka. Ta kunne tarihi ke shiga, ta kunne ilimi ke shiga. A rahotonta na 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce fiye da mutum miliyan 1500 a duniya suna da raunin ji. Ƙara mai yawa tana cikin dalilan da ake iya kauce wa. Don haka aka keɓe ranar 3 ga watan Maris ta kowace shekara don tunawa da lafiyar kunne.

Yaya za mu kare kanmu?

Kunne tukuna. Akwai matoshin kunne na soso, mai arha. Akan same shi a wasu farmasi da shagunan kayan aiki. A murza shi da yatsu masu tsabta ya zama siriri. A ja kunne sama da ɗaya hannun, a sa shi cikin rami, a riƙe har ya kumbura ya cika wurin. Akwai kuma marufin kunne, irin na ma'aikatan filin jirgin sama. Kowannensu yana rage wajen desibel 15 zuwa 30 in an sa shi daidai. Ga babbar karabin, a haɗa su biyu. Auduga ko tsumma ba sa tare ƙara sai kaɗan. Kada mu dogara da su. A wasu ƙasashen Turai, kamar Finlan da Norwe, doka ta yarda maharba su sa wa bakin bindiga wani bututu mai rage ƙara. Shi ma ragewa yake yi, ba ya kashe ta.

Wani zai ce: «In na toshe kunne, yaya zan ji dabba?» Gaskiya ne. Amma harbi da yawa ba a gaban dabba ake yin sa ba. Akwai gwajin bindiga. Akwai korar tsuntsaye da birai daga gona. Akwai harbin ƴan bindiga a hawan salla da wurin biki. A duk waɗannan babu abin saurare. A daji kuma, a rataya matoshin a wuya da zare, a sa shi in an ga abin harbi.

Sai kafaɗa. A zaɓi bindiga daidai da jiki, daidai da dabba. Babbar bindiga a hannun mai zabura ba ta kai ƙarama a hannun mai natsuwa ba. A sa roba a gindinta, ko a naɗe tsumma a kafaɗa cikin riga. A matse ta a naman kafaɗa. Kada a jingina da komi. In kafaɗa ta fara ciwo, a dakata. Wanda aka yi wa aikin ido, ko aikin kafaɗa, ko aka sa wa na'urar zuciya a ƙirji, ya tambayi likita kafin ya sake harbi.

Sai bututu. Kafin kowace fita, a tabbatar babu harsashi ciki, sannan a duba bututun. Rairayi, laka, ko gidan zanzaro suna toshe shi. In an harba a haka, iskar nan mai nauyin tan-tan ba ta da mafita, sai bututu ya fashe a hannu da fuska. Haka kuma, kada a taɓa zuba albarushin kartushi cikin adaka. Ƙarfenta ba zai ɗauki matsinsa ba.

Sai mutanen da ke kusa. Wanda ke gefen bakin bindiga yakan fi mai harbi shan ƙara. A tsaya bayan maharbi, da nisa, a toshe kunnuwa da yatsu. Yatsa ya fi auduga nesa ba kusa ba. A nisanta yara da mata masu ciki daga wurin harbi. A wurin biki, uwa mai goyo ta ja baya tun kafin ƴan bindiga su fara, don jariri ba ya iya toshe kunnensa. Bindigar da aka ɗura ba darma ita ma tana da ƙara, kuma wutarta da tsummanta suna raunata wanda ke kusa. Kada a ba yaro babbar bindiga don a yi dariyar faɗuwarsa. Karnukan farauta ma kunne gare su; kada a harba bisa kansu.

In abin ya riga ya faru fa?

In bayan harbi kunne ya yi zafi, ko jini ko ruwa ya fito, ko jiri ya kama mutum, mai yiwuwa dodon kunne ya huje. Kada a zuba mai, ko ruwan ganye, ko nono. Kada a sa tsinke. A hana ruwa shiga wajen wanka. A tafi gidan likita. Sau da yawa hujin yakan rufe da kansa cikin ƴan makonni, in ƙazanta ba ta shiga ba.

In ji ya ɗauke gaba ɗaya, ko bai komo ba bayan kwana ɗaya, a gaggauta. Kwanakin farko su ne lokacin da likita ya fi iya taimakawa. Daga gidan likita na kusa za a tura mutum babban asibiti, wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Akwai na'urar auna ji. Akwai kuma ƴar na'urar da ake maƙalawa a kunne, mai ƙara sauti. Tana taimakawa, amma ba ta maido da kunnen da Allah ya halitta. Wanda jinsa ya riga ya ragu, shi ya fi kowa bukatar ya tsare sauran.

Kada mu manta da doka

A ƙasarmu Nijar, riƙe bindiga sai da takardar izini daga hukuma, farauta ma sai da izini. A ranar 29 ga watan Afirilu na 1998 aka kafa dokar da ta tsara farauta da kare namun daji. Akwai wuraren da aka keɓe wa namun daji, kamar gandun W da na Gadabeji. Akwai dabbobin da aka hana taɓawa sam, kamar raƙuman dawa na yankin Kure, waɗanda a 1996 saura 49 kaɗai suka rage, kafin kariya ta sa su sake yawa. Mai son farauta ya fara zuwa wurin ma'aikatan gandun daji, ya ji lokacin da aka yarda da dabbobin da aka yarda.

Mu riƙe waɗannan

1. Harsashi gaba, bindiga baya, ƙarfinsu ɗaya.
2. Ƙarin sauri yana kawo ƙarin hauri da ƙarin ƙara.
3. Riƙo mai kyau yana maida naushi ya zama turi.
4. Harbi ɗaya yana iya rage ji har abada.
5. Matoshin kunne ya fi na'urar ji arha.
6. A nisanta yara daga wurin harbi.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

Mi ya sa bindiga marar nauyi ta fi hauri? Wane kunne ne ke fara lalacewa ga mai harbi da dama, kuma don mi? Ban da bindiga, waɗanne ayyuka ne a garinku ke da ƙara mai cutar da kunne? Mi za ku gaya wa mai injin niƙa da maƙeri?

Ƴan uwa, ku karanta wa maharban unguwarku wannan shafi, musamman waɗanda ba su shiga aji ba tukuna. Ku karanta da ƙarfi, ku zauna ta wajen kunnensu na dama. Magabata sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. To mu tsare kunnen da zai ji. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai fitowa ta gaba.